Raspberry Pi 4 ɗina yana ɗaukar zafi a shago, kesin ɗin ƙarfe mara fanka zai iya da zafin Kaduna kuwa?

Malamin Lesin Rigasa:

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin abin nan ku taimaka min da shawara. Ina da ɗan wajen lesin a Rigasa inda yara ke zuwa bayan an tashi daga boko, har da 'yan sakandare masu shirin jarrabawa, sai na haɗa Raspberry Pi 4, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, na zuba masa Kiwix, manhajar karanta shafuka ba tare da intanet ba, da Wikipedia ta Hausa da ta Turanci da wasu littattafai, shi da kansa yake watsa wayfay yara su shiga da waya ko tsohuwar laftof ba sai an sayi data ba. Duk lokacin sanyi lafiya lau yake aiki, amma tunda zafin nan ya shigo ya fara nauyi, tsakanin azahar da la'asar in yara sun taru sai shafi ya yi ta juyawa kafin ya buɗe, na duba zafinsa da umarnin vcgencmd measure_temp na ga yana haura digiri 80. A cikin kesin ɗin roba yake wanda aka haɗo min da shi, da wasu 'yan ƙananan ƙarafa masu haƙora da aka liƙa a kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Shagon rufin kwano ne ba silin, sola muke amfani da ita, kuma na rataye shi can sama kusa da rufi saboda kar yara su taɓa kuma wayfay ɗin ya fi kaiwa ko'ina.

Wani abokina ya ce kawai in sa fanka. Ni kuma gaskiya fankar ce ba na so, wanda ya san ƙurar Rigasa ya san abin da nake faɗa, ga hunturu in ya zo, kuma ba zan iya kullum ina hawa benci ina sauko da shi ina sharewa ba. Na ga hotunan wasu kesin na alminiyam da ba su da fanka kwata-kwata, an ce jikin kesin ɗin ne yake zuƙe zafin. To tambayata ita ce wai da gaske suna aiki ko dai a ƙasar Turawa da ake sanyi ne kawai? Kuma wanne iri ya kamata in nema? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Kawo:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da ladan wannan aiki da kake wa yara. Suna aiki da gaske, amma akwai lissafin da ya kamata ka riƙe kafin ka kashe kuɗinka, saboda mutane da yawa suna kallon bidiyo a YouTube su ga bature ya nuna 55 ko 60 su ɗauka su ma haka za su gani.

Kesin mara fanka ba ya sanyaya komai, kwashe zafi kawai yake daga kan firosesa ya baza shi a faɗin jikinsa iska ta ɗauka, kamar dai yadda in ka bar cokali a cikin shayi zafin ke hawowa har mariƙin. Saboda haka duk kyan kesin, firosesa zai kasance sama da zafin iskar da ke kewaye da shi da wasu digirori, wannan tazarar ita ce abin dubawa ba lambar da ka gani a allo ba. Misali a ce wancan baturen ɗakinsa 22 ne ya samu 57, tazararsa 35 kenan. Kai kuma a Maris da Afrilu a Kaduna a inuwa ma ana samun 35 zuwa 38, to ɗora 35 ɗin nan a kai ka ga ka tashi 70 da ɗoriya da kesin iri ɗaya da aiki iri ɗaya. Har yanzu kana ƙasa da 80 ɗin, amma ka ga ratar ba ta da yawa. Sannan kai ba ma a inuwa ka ajiye shi ba, ka kai shi inda ya fi ko'ina zafi a shagon, iska mai zafi sama take taruwa ga kwanon yana gasa shi ta sama. Tun kafin ka sayi komai ka sauko da shi zuwa daidai tsayin kanka ko ƙasa da haka, a bangon da rana ba ta duka ta waje da yamma, ka cire murfin robar, ka sake aunawa. Za ka sha mamaki.

Game da 80 ɗin nan kuma kar hankalinka ya tashi, ba ƙonewa zai yi ba. Haka aka gina shi, daga 80 zai fara rage gudun firosesa a hankali, in ya kai 85 ya ƙara ja baya sosai har da ɓangaren hoto, don ya kare kansa. Nauyin da kake gani kenan. Pi 4 tun fitowarsa a 2019 an san shi da ɗumi fiye da na baya, firosesansa BCM2711 mai kai huɗu ne a kan 1.5GHz, na baya-bayan nan ma 1.8GHz, a zaune yana shan wajen wat 3, in an matsa masa ya doshi 6, kuma duk wutar nan zafi take komawa. A cikin roba kuma zafin bai da hanyar fita, alminiyam yana wuce da zafi fiye da roba sau ɗaruruwa, shi sama da 200 yake a ma'aunin da ake amfani da shi, roba kuwa ko 1 ba ta kai ba. 'Yan ƙarafan nan da aka liƙa maka ba laifinsu ba ne, suna zuba zafin ne a cikin akwatin da iska ba ta fita.

Irin kesin ɗin kusan kashi biyu ne. Akwai rufaffe irin Flirc da Argon NEO, a ciki akwai wani ginshiƙin ƙarfe da ya sauko daga murfin ya dafe kan firosesa, a tsakaninsu ana sa wani ɗan fallen danƙo mai wuce da zafi, tamal fad. Akwai kuma wanda 'yan kasuwa ke kira amo kes, faranti biyu ne masu haƙora ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a ɗaure da sukuru, gefensa a buɗe. Na biyun ya fi faɗin jiki saboda haƙoran kuma yana kwasar zafi ta ƙasan allon Pi ɗin ma, na farkon kuma ya fi kare allon daga ƙura da hannun yara. Ga irin aikinka, Kiwix ba ya cin firosesa sosai, karanto shafi ne daga memori ya miƙa, ko wanne ka samu zai riƙe shi in dai ka sauko da shi daga rufin. Ni da ni ne rufaffen zan ɗauka saboda Rigasa ce.

Abu ɗaya da za ka yi yau kyauta, ka tabbata fimwayarsa, wato manhajar da ke dashe a cikin allon, sabuwa ce. A ƙarshen 2019 an fitar da gyaran da ya rage wutar da VL805, ɗan guntun da ke kula da ramukan USB, ke sha, zafin allon ya ragu. In naka tsohon zubi ne da ba a taɓa sabuntawa ba ka haɗa shi da intanet ka buga sudo rpi-eeprom-update -a ka kashe ka kunna.

Mai Sola Barnawa:

Injiniya ka yi bayani wallahi, amma ni dai ban yarda a gudu daga fanka haka kawai ba. Malam ƙura gaskiya ce, amma ita ma kesin mai haƙoran ƙurar na kwanciya a tsakanin haƙoran ta zama bargo, dole sai ka sa buroshi lokaci-lokaci, ba wai ka rabu da shara ba ne gaba ɗaya. Kuma in batun batir ne fankar nan 'yar mitsitsiya ko wat ɗaya ba ta cika sha ba, ƙwan fitila ɗaya ya fi ta. Yanzu ma ba dole ta yi ta juyawa dare da rana ba, in ka samu fanka mai waya uku, a cikin raspi-config, wajen saita na'urar, akwai inda za ka ce mata kar ta tashi sai zafi ya kai kaza, to ka ga duk hunturu da damina tana kwance ba ta ja ƙura ba, sai watanni biyun nan na bazara.

Abin da ya sa na shigo ma ba wannan ba ne. Tunda ka ce sola ce, ka tabbata zafin ne kaɗai ke ja maka baya? Saboda na sha zuwa wajen mutane su ce na'ura na nauyi a ƙarshe a gano caja ce. Pi 4 yana son 5.1V da 3A, in ka sa masa cajar waya ta gefen titi ko doguwar waya siririya, da yara sun taru ya ja wuta sai boltej ya faɗi, in ya sauka ƙasa da wajen 4.63V shi ma rage gudu yake yi daidai da yadda zafi ke sa shi. Buga vcgencmd get_throttled, umarnin da ke nuna ko ya taɓa rage gudu da dalilin hakan, ka kawo mana abin da ya rubuta. In 0x0 ne komai lafiya tun da aka kunna. In ka ga 0x50000 to wuta ta taɓa yin ƙasa kuma ya ja baya, in 0x50005 ne ma a daidai lokacin da kake dubawa abin ke faruwa. Irin wannan ko kesin ɗin zinare ka saya ba zai gyara ba.

Hajiya Lakcara:

Sannunku da ƙoƙari. Malam akwai abin da ba a taɓo ba kuma a wajenka shi ne babba, wayfay. Kai fa na'urar ce ke watsa wa yara, eriyarta kuma ba a waje take ba, a jikin allon aka zana ta a kusurwar da ke kusa da inda ake saka memori. In ka kulle ta cikin ƙarfe ta ko'ina ƙarfin siginar zai ragu, wanda ke zaune kusa ba zai lura ba amma na bencin baya zai ga yana yankewa. Shi ya sa Flirc suka yi ƙasan nasu da roba, shi kuma mai haƙoran gefensa a buɗe yake. Duk wanda za ka saya ka duba wajen kusurwar nan ko an bar mata hanya. Ni abin da nake ba ɗalibaina shawara in sun zo da irin wannan aikin, a raba aiki, a samu ƙaramar rauta ko tsohuwa ce, a haɗa ta da Pi ɗin da wayar netwok, ita rautar a rataye ta sama ta yi watsawa, shi kuma ya zauna ƙasa inda ke da sanyi a kashe masa wayfay ɗinsa. Rauta ta ma fi shi iya ɗaukar wayoyi da yawa a lokaci ɗaya, shi ba don wannan aka yi shi ba, wani nauyin da kake gani in yara sun cika ina zargin daga nan yake.

Sai wajen ɗaurawa, nan ne yara ke ɓata aiki. Fallen danƙon nan yana da leda ta sama da ta ƙasa, duka biyun ake ɓarewa, ta ɗaya gefen wani lokaci fara ce tas ba ka ma ganinta. Ka cire waɗancan ƙananan ƙarafan a hankali, ka murɗa su kaɗan-kaɗan kar ka fizga, ka goge ragowar gam ɗin da sifirit. Ka cire memori kafin ka zura allon cikin kesin, in ba haka ba bakin kesin ɗin na iya karya shi. Bayan ka ɗaure ka sake kwancewa sau ɗaya ka duba, in ka ga shatin firosesa ya fito a jikin danƙon to ya dafe, in ba shati akwai iska a tsakani, iska kuwa da ƙyar take wuce da zafi. Kuma kar ka ninka danƙon biyu don wai ya fi, shi kansa bai kai ƙarfe wuce da zafi ba ko kusa, aikinsa cike gurbi ne kawai, iya sirantarsa iya kyansa in dai ya taɓa.

In ka gama ka ji kesin ɗin ya yi zafi a hannu kar ka ce ya lalace, alamar yana aiki kenan, zafin da da yake maƙale a ciki ne ya fito. Wanda za ka ji tsoro shi ne kesin yana da sanyi alhali lamba tana 80. Sai dai ka gaya wa yara kar su riƙa taɓawa, ƙarfe in ya wuce 50 hannu ba ya jure riƙe shi.

Ɗan Panteka:

Mama Hajiya a gaishe ki. Malam ni shawarata ta talaka ce, kafin ka jira kaya daga Legas ko Chana ka shigo Panteka ko ka zaga wajen masu gyaran kwamfuta da inbata, akwai tsofaffin ƙarafan zuƙe zafi na kwamfutar tebur da na amfilifaya da suka mutu jibge, manya ne masu dogayen haƙora, ɗaya ya ninka wancan kesin ɗin nauyi. A yanka maka daidai, a huda, a ɗaura a kan allon. Kai in kana so ma masu zuba tukunya za su iya zuba maka gida sukutum in ka kawo musu samfur, ba abin da ba a yi a nan. Kuɗin da za ka kashe bai kai rabin na odar ba.

Injiniyan Kawo:

Ɗan Panteka ƙanina, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Tsohon ƙarfen kwamfutar tebur abu ne mai kyau ƙwarai, an yi shi ne don firosesa mai shan wat 60 ko fiye, wat 6 ba komai ba ne a wajensa ko babu fanka, kuma ƙasansa a goge yake sumul. Matsalar ita ce saman allon Pi ba a shafe yake ba, ramukan USB da na netwok da fil-fil ɗin nan 40 duk sun fi firosesa tsayi, dole sai an sa ɗan guntun jan ƙarfe ko alminiyam a tsakani ya ɗaga shi, kuma a tabbata ƙarfen bai taɓa fil ko ɗaya ba, in ya haɗa na 5V da na 3.3V allon na iya mutuwa nan take. Nauyin kuma kar a bar shi a kan firosesa, a ɗaure shi ta ramukan sukuru huɗun nan na allon. Wanda hannunsa ya saba zai yi, Malam kuma in bai saba ba ya kai wa mai gyaran waya su yi tare.

Zubin tukunya kuwa a'a. Ba raina aikin ba ne, amma narkakken gwangwani da tarkacen inji gauraye ne, yana fitowa da ƙananan ramukan iska a ciki kuma fuskarsa da kaushi, ba ya wuce da zafi kamar wanda aka matso a masana'anta, sannan ginshiƙin da zai taɓa firosesa yana son daidaito na ƙasa da milimita, zubin yashi ba zai ba ka wannan ba sai an kai wa mai injin gogewa.

Mai Sola kuma maganarka ta caja gaskiya ce, Malam ka fara da ita. Batun fanka ne dai muka ɗan saba. Ni abin da nake gudu ba wutar da take sha ba ne, ranar da za ta tsaya ne, ƙananan fankokin nan ƙura na shiga bushinsu su fara ƙara daga nan su maƙale, kuma abin da aka rataye a shago ba wanda zai sani sai nauyi ya dawo. Ƙarfe kuwa ko ƙura ta hau shi raguwa zai yi ba tsayawa ba. Amma in Pi 5 ne da na bi bayanka, wannan da ya fito a 2023 yana gudu a 2.4GHz, cajarsa ma ta wat 27 ce, kamfanin da kansa ya fitar masa da ƙarfe mai fanka, kesin ɗinsu na 5 ma da fanka yake zuwa. Akwai masu yi masa kesin mara fanka kuma suna riƙe shi a aiki mara nauyi, amma a ɗakin kwano a Afrilu ana matsa masa, ni ba zan ba da wannan shawarar ba.

Ƙari biyu Malam. In ka samu mai haƙora ka kafa shi a tsaye yadda haƙoran za su miƙe daga ƙasa zuwa sama, iska mai ɗumi ta bi ta tsakaninsu ta hau sabuwa ta shigo ta ƙasa, kar ka kwantar da shi a kan katako ko ka sa shi a durowa ko ka lulluɓe shi da ƙyalle don ƙura, ka bar masa sarari kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe har da bayansa. Sannan ka zaɓi mai launi, baƙi ko wani, a kan mai ƙyalli kamar madubi, wanda aka yi wa rinin masana'antar nan ya fi fitar da zafi, in dai rana ba ta dukansa kai tsaye.

Malamin Lesin Rigasa:

Kai jama'a Allah ya biya ku, na ƙaru sosai. Na sauko da shi na kafa a bangon gabas daidai kafaɗata na cire murfin, yau da azahar da yara a ciki bai kai 80 ba, yana yawo a 70 da wani abu. Mai Sola na buga abin da ka ce, 0x50000 ya nuna min, kenan cajar ma da laifinta, ta waya ce dama nake amfani da ita, zan canza. Hajiya maganarki ta tabbata, tunda na sauko da shi na bencin baya suna kukan yana yankewa tun ma ba a sa ƙarfe ba, akwai wata tsohuwar rauta a gida zan gwada yadda kika ce. Kesin ɗin rufaffen zan yi oda in sha Allah saboda barinsa a buɗe haka hankalina bai kwanta ba. Abin da ya rage, kafin ya iso akwai abin da zan yi ya ƙara sauka? Kuma in ya zo ta yaya zan gane ya ci jarrabawa?

Hajiya Lakcara:

Akwai Malam. Buɗe fayil ɗin saitinsa config.txt, a sabon tsarin yana cikin /boot/firmware, a tsohon kuma /boot kawai, ka ƙara layi ɗaya arm_freq=1200 ka kashe ka kunna. Ka rage masa gudu da kanka kenan, zai rage ɗumi, kuma a buɗe shafin Kiwix yara ba za su ga bambanci ba. In ba ka haɗa shi da talabijin ka sa ya riƙa tashi ba tare da allon hoto ba, shi ma yana rage masa aiki. In kesin ya zo sai ka goge layin in ka ga dama.

Gwaji kuma kar ka yi shi da asuba ko bayan ruwan sama, ka bari sai wajen ƙarfe 2 zuwa 3 na rana da ƙofa yadda take zama kullum. Ka saukar da stress, manhajar da ke matsa wa firosesa aiki don gwaji, tun da wuri lokacin da kake da intanet, ka kashe ka kunna don lambar get_throttled ta koma 0x0, sai ka buga stress -c 4 ka bar shi. Kar ka yanke hukunci a minti 5, ƙarfen yana da jiki, da farko shanye zafin yake yi lamba ta yi kyau, sai ya ƙoshi tukuna za ka ga inda zai tsaya, ba shi rabin awa ko fiye har ka ga lambar ta daina hawa. In ta tsaya ƙasa da 80 kuma get_throttled na nan a 0x0 to ya wuce, don yaranka ba za su taɓa matsa masa kamar yadda wannan gwajin ke yi ba. Ka rubuta zafin ɗakin ma a lokacin in kana da ma'auni, ka kawo mana lambobin biyu, akwai ɗalibina a Mando da ke shirin haɗa irin naka a islamiyyarsu zan tura masa.